Misty Copeland da Matsayin Tauraruwar Rawar Bale: Amsa ga Wata Ɗaliba daga Daura

Wata ɗaliba daga Daura, wadda take karatun wasan kwaikwayo da al'adu, ta aiko mini da tambaya bayan ta ci karo da labarin bankwanan da aka yi wa Misty Copeland a birnin New York a watan Oktoban 2025. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, na ga ana ta yabon wannan mata. Wasu na cewa ita ce baƙar fata ta farko da ta yi rawar bale a duniya, wasu na cewa ba a taɓa yin kamarta ba. An ce ta kai matsayin da babu na sama da shi a ƙungiyarsu. Mene ne wannan matsayi, ta yaya ake kai wa gare shi, kuma me ta yi da ya wuce rawa kawai?"

Ɗiyata, kin yi tambaya mai kyau, kuma zan fara da gyara maganganu biyun da kika ji, domin duka biyun ba daidai ba ne. Misty Copeland ba ita ce baƙar fata ta farko a wannan fage ba, kuma masana wannan rawa ba su haɗu a kan cewa ta fi kowa gwaninta ba. Abin da ta yi ya fi waɗannan kalamai ƙanƙanta a faɗe, amma ya fi su nauyi idan aka auna. Sai dai ba za ki gane nauyinsa ba sai kin san irin gidan da ta shiga.

Rawar bale, wato rawar dandamali ta Turai da ake ba da labari da motsin jiki da kiɗa ba tare da magana ba, 'yar fada ce. A fadojin sarakunan Italiya ta tsiro a ƙarni na 15, sannan ta ƙaura Faransa, inda aka yi wani ƙasaitaccen wasa a birnin Paris a 1581 wanda masana tarihi suke yawan kafa farkon labarin da shi. Sarki Louis na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne, ya kafa makarantar rawa ta sarauta a 1661, kuma a zamaninsa aka tsayar da tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau kowane ɗalibi yake farawa da su. Daga baya Rasha ta karɓi tutar a ƙarni na 19. Na kawo wannan ne domin ki fahimci inda tsarin muƙamai ya samo asali. Ke da kika tashi a Daura kin san cewa a Hawan Magajiya ko a Sallar Gani ba a cakuɗa tawagogi, kowane hakimi ya san wanda yake gabansa da wanda yake bayansa, kuma ba wanda yake zaɓar wa kansa gurbi. Wannan ɗabi'a ta fada ita ce rawar bale ta gada, kuma ba ta rabu da ita ba har a ƙasashen da babu sarki.

A ƙungiyar American Ballet Theatre, wadda ake taƙaitawa da ABT, inda Misty ta yi rayuwarta ta aiki duka, manyan matakai uku ne. Na ƙasa su ne 'yan ayari, waɗanda suke fitowa su ashirin ko fiye a jere, kowace tana ɗaga hannu daidai da ta kusa da ita, kuma gwanintarsu ita ce kada ido ya bambance ɗaya daga sauran. Na tsakiya su ne waɗanda ake ba su dama su fito su kaɗai na 'yan mintuna, ko su riƙe matsayi na biyu a labari. Na sama su ne taurari, maza da mata, waɗanda ake ɗora wa labarin gaba ɗaya. A ƙungiya mai 'yan rawa kimanin 80, taurarin ba su cika kai 20 ba. A babbar ƙungiyar bale ta Paris matakan biyar ne, kuma na ƙolin sunansa da Faransanci yana nufin tauraro, ana kuma sanar da naɗinsa a kan dandamali a gaban 'yan kallo bayan an gama wasa.

Misali mafi kusa da zan ba ki shi ne na makaɗan fada da 'yan amshinsu. Ɗan amshi yakan yi shekaru yana bayan ubangidansa, yana koyon inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, kuma da yawansu a nan suke tsufa ba tare da sun taɓa jan waƙa ba. Haka yawancin 'yan ayari suke gama aikinsu a cikin ayari. Wani abin lura shi ne, a ABT ba jarrabawa ake ci a hau matakin ƙoli ba. Naɗi ne, kuma yana hannun mutum ɗaya, wato daraktan da ke kula da fasahar ƙungiyar. A zamanin Misty wannan mutum shi ne Kevin McKenzie, wanda ya riƙe kujerar daga 1992 zuwa 2022. Duk inda hukunci yake hannun idon mutum ɗaya, to abin da wannan ido ya saba gani yana da tasiri, kuma a nan ne maganar launin fata take shigowa.

Kafin mu kai can, bari in nuna miki abin da ake ɗora wa tauraruwa, domin shi ne amsar "rawa kawai" da kika ambata. Ɗauki wasan Swan Lake, wanda Tchaikovsky ya rubuta kiɗansa, aka fara nuna shi a Mosko a 1877, sannan Marius Petipa da Lev Ivanov suka sake tsara shi a 1895 ta fasalin da ake bi har yau. Labarin wata gimbiya ce mai suna Odette da wani matsafi ya mayar da ita farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, kuma ba abin da zai karya sihirin sai alkawarin soyayya da ba a saɓa ba. Matsafin ya kawo ɗiyarsa Odile cikin kamannin gimbiyar, ya yaudari yarima ya yi rantsuwa ga wadda ba ita ba. Mace ɗaya ce take fitowa a matsayin su biyun a dare ɗaya. A fitowa ɗaya za ta zama mai rauni da fargaba, a ta gaba ta zama mai kissa da ƙarfin hali, kuma duk wannan babu kalma ko ɗaya da za ta furta. Da kafaɗa da wuya da gadon baya da yadda take karkata kai za ta sanar da mutum na can kujerar ƙarshe, a zauren da ke ɗaukar kusan mutum 3,800, wace ce a gabansa. A tsakiyar fitowar Odile kuma akwai juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, tana wulwulawa kamar katantanwa, ɗaya ƙafar tana fita tana dawowa kamar bulala. Wata 'yar Italiya mai suna Pierina Legnani ce ta shigo da wannan juyi cikin wasan a 1895, kuma tun daga lokacin 'yan kallo suke ƙirgawa a zuci.

Duk wannan a kan tsinin yatsun ƙafa ake yin sa. Ba ɗage irin wanda muke yi don mu ɗauko abu a kan kanta ba ne, nauyin jiki duka yana sauka ne a kan ƙarshen yatsu. Takalmin da ake sawa babu katako ko ƙarfe a bakinsa kamar yadda mutane suke zato. Yadi ne da takarda da gam aka jera hawa-hawa har suka yi tauri, aka lulluɓe da satin, kuma gumi da nauyi suna lausasa shi da sauri, har tauraruwa takan kashe takalmi ɗaya a wasa ɗaya. Bayan haka akwai buɗe ƙafafu waje tun daga kwatangwalo, ba daga gwiwa ba, wanda shi ne ginshiƙin wannan rawa. Na taɓa sa ɗalibaina a nan Katsina su haɗa dugadugansu su buɗe yatsun waje, su tsaya minti biyu kacal ba tare da sun sunkuya ba, kuma cikinsu har da samari 'yan ƙwallo masu ji da ƙarfi. Kafin lokacin ya cika cinyoyinsu sun fara rawa. Shi ya sa ake fara horon tun yarinya tana da shekara 7 ko 8, lokacin da gaɓoɓi suke da laushi, a bar hawa kan yatsu sai wajen shekara 11 ko 12, a kuma yi shekaru 8 zuwa 10 kafin a nemi aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko bayan an zama tauraruwa, kowace safiya sai an koma jikin sandar da aka kafa a bango an maimaita darasin farko na kimanin sa'a ɗaya da rabi, sannan a shiga bita ta sa'o'i.

Yanzu ki dubi inda Misty ta fito. An haife ta ranar 10 ga Satumban 1982 a Kansas City, ta tashi a San Pedro da ke yankin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Mahaifiyarta ta yi aure-aure, kuma akwai lokacin da ita da 'ya'yanta suka tare a ɗakin wani otal mai araha, yaran suna kwana a ƙasa. Misty ba ta taɓa shiga ajin bale ba sai da ta kai shekara 13, a filin ƙwallon kwando na wata cibiyar yara ta unguwa, inda wata malama mai suna Cynthia Bradley take koyarwa kyauta. A ma'aunin wannan sana'a, shekara 13 an makara ƙwarai. Amma cikin watanni uku ta hau kan yatsu, abin da yake ɗaukar wasu shekaru. Malamar ta ɗauke ta ta riƙe a gidanta kusan shekaru uku, kuma tana da shekara 15 ta lashe wata babbar gasa ta matasa a Los Angeles. A 1998 rikicin riƙo ya ɓarke tsakanin mahaifiyar da malamar, har ya kai gaban kotu ya shiga jaridu da talabijin, daga ƙarshe yarinyar ta koma hannun mahaifiyarta. Mu da muka san riƙo a gidajenmu mun san yadda irin wannan yake raba zuciyar yaro gida biyu, kuma ina ganin duk mai ba da labarinta ya kamata ya yi wa ɓangarorin biyu adalci, domin ɗaya ta haifa, ɗaya ta gano baiwar.

Ta shiga ƙaramar ƙungiyar horo ta ABT a 2000, ta zama 'yar ayari a 2001. Ba ta daɗe ba ƙashin bayanta ya tsage, ta yi kusan shekara ba ta rawa. A wannan tsakani jikinta ya sauya. Yawan horo ya jinkirta mata balaga, likita ya ba ta magani, ta yi ƙiba kaɗan, ƙirjinta ya cika, kuma a ƙungiyar aka fara gaya mata cikin lafazi mai laushi cewa ta rage jiki. Ta faɗa da bakinta cewa ta shiga damuwa a lokacin har ta koma cin abinci ba kan gado. Ga shi ba ta da tsawo, ba ta wuce mita 1.57 ba, ga ƙwanji a ƙafafu, alhali idon masu wannan sana'a ya saba da doguwa siririya fara. Shekaru kusan goma ta yi ita kaɗai ce baƙar mace a cikin ƙungiyar. Har takalmin da safar da ake sawa an yi su ne da launin ruwan hoda domin su saje da fatar Turawa, don haka baƙaƙen 'yan rawa suke zama su shafe takalmansu da hodar kwalliya mai launin fatarsu, ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2017 da 2018 manyan kamfanonin takalmin, Gaynor Minden da Freed of London, suka fara fitar da masu launin ƙasa-ƙasa.

A 2007 aka ɗaga ta zuwa mataki na tsakiya. An yi baƙaƙen mata a wannan mataki kafin ta, irin su Nora Kimball a shekarun 1980, amma an yi kusan shekaru 20 ba a sake samu ba. A nan ta zauna shekaru takwas, kuma an fi ba ta rawar zamani, ana jinkirin ba ta manyan labaran gargajiya waɗanda da su ake auna wadda ta isa naɗi.

Abin da ya faru a 2012 shi ne, a ganina, tsakiyar labarinta. Mai tsara rawa Alexei Ratmansky ya zaɓe ta cikin mata uku da za su fito a matsayin tsuntsuwar wuta a sabon tsarinsa na wasan Firebird, wanda Stravinsky ya yi wa kiɗa tun 1910. Aka rataya ƙaton hotonta a gaban zauren Metropolitan Opera House na New York. Amma tun ana bita ƙwaurinta na hagu yake ciwo, ta ɓoye, domin ta san cewa idan ta ce ba ta da lafiya za a ba wata, kuma tana da shekara 29, ba ta da tabbacin za a sake kiran ta. Ta yi wasan sau ɗaya a wannan zaure a watan Yuni, baƙaƙen fata suka cika wurin fiye da yadda aka saba gani, bayan 'yan kwanaki kuma aka gano tsagewa shida a ƙashin ƙwaurin, uku daga ciki sun kusa zama cikakkiyar karaya. Aka yi mata tiyata aka ɗaura ƙarfe a jikin ƙashin. Irin wannan tsagewa ba faɗuwa ce take kawo ta ba. Dira ce ake yi sau dubbai a kan wuri ɗaya, ƙashi yana samun ƙananan raunuka da sauri fiye da yadda yake iya gyara kansa, musamman idan hutu da abinci sun yi ƙaranci. Ba na yabon ɓoye ciwo, kuma ba zan so ɗalibina ya yi koyi da wannan ba, domin da ƙashin ya karye a kan dandamali da aikin nata ya ƙare a daren. Amma ina so ki ga abin da ya tura ta, wato sanin cewa idan ta gaza ba za a ce Misty ce ta gaza ba, za a ce irinsu ne ba sa iyawa.

Ta dawo a 2013, kuma daga nan ƙofofin suka fara buɗewa. A watan Satumban 2014 ta fito a Swan Lake karon farko lokacin da ƙungiyar ta kai ziyara birnin Brisbane na Ostireliya. A watan Yunin 2015 ta fito a matsayin Juliet, budurwar da ke cikin labarin soyayya na Romeo da Juliet, a New York, sannan ranar 24 ga watan ta yi Swan Lake a babban zauren. Da aka gama, mata biyu suka hau dandamali suka miƙa mata furanni, kuma sunayensu su ne amsar masu cewa ita ce ta farko. Ɗaya ita ce Raven Wilkinson, wadda ta shiga ƙungiyar Ballet Russe de Monte Carlo a 1955, ta zagaya jihohin kudu na ƙasar Amurka a zamanin wariyar launin fata ana hana ta kwana a otal ɗaya da abokan aikinta, har daga baya ta koma Holan da aiki. Ɗayar ita ce Lauren Anderson, wadda ta zama tauraruwa a ƙungiyar birnin Houston tun 1990. Kafin su akwai Janet Collins, wadda ta jagoranci rawa a Metropolitan Opera a 1951, da Arthur Mitchell, wanda ya zama tauraro a New York City Ballet sannan ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969 domin baƙaƙen yara su samu wurin koyo. Ko a ABT ɗin ma, namiji baƙi, Desmond Richardson, ya riga ta hawa matakin ƙoli a 1997. Kwana shida bayan wancan wasa, ranar 30 ga Yunin 2015, aka sanar da naɗinta. Abin da ya dace ki rubuta a aikinki ke nan: ita ce baƙar mace ta farko da ta zama tauraruwa a ABT, cikin shekaru 75 na tarihin ƙungiyar. A wannan rana kuma aka naɗa Stella Abrera, 'yar asalin Filifin ta farko da ta kai wannan matsayi a can. Misty tana da shekara 32, shekarun da wasu suke fara tunanin ajiye takalmi, domin a Paris ma shekara 42 ake yin ritaya.

Sai maganar gwaninta, wadda ita ce ake yawan gardama a kai. Masu suka sun ce shahararta a waje ce ta jawo naɗin. Gaskiya ne cewa kafin naɗin ta yi aiki da mawaƙi Prince tun 2009, ta fito a tallar kamfanin kayan wasanni na Under Armour a 2014 wadda miliyoyin mutane suka kalla, ta wallafa tarihin rayuwarta a wannan shekara, Shugaba Obama ya sa ta cikin majalisar ba da shawara kan motsa jiki da wasanni, kuma mujallar Time ta sa hotonta a bango a 2015. Gaskiya ne kuma cewa juyin nan 32 bai zama wurin ƙarfinta ba. A 2018 a Singafo ba ta kammala shi ba, ta sauya da wani taku, aka ɗauki bidiyon aka yaɗa ana yi mata dariya, ita kuma ta amsa cikin natsuwa ba ta musanta ba. Ra'ayina shi ne, wanda ya auna tauraruwa da wannan juyi kaɗai ya yi kama da wanda ya je hawan Sallah ya dawo ba abin da ya riƙe sai yawan ƙurar da doki ya tayar. Juyin bai kai minti ɗaya ba a wasan da ya haura sa'o'i biyu, kuma Maya Plisetskaya, wadda Rashawa suke ƙirgawa cikin manyan gwanayensu, ita ma takan sauya shi da zagaye dandamali. Na kalli faifan wasannin Misty da dama, kuma inda na ga ƙarfinta shi ne a labaran da suke bukatar zuciya, musamman Juliet, inda take tafiya daga yarinta zuwa baƙin ciki a gaban idonka ba tare da ka ga inda aka yi gwamin ba. Akwai takwarorinta da suka fi ta tsabtar taku da ƙarfin juyi, kuma faɗin haka ba rage mata daraja ba ne. Ta cancanci matsayin, ba ta fi kowa ba. Shaharar kuwa ba ta sauka daga sama ba. Ita ta neme ta da gangan, domin ta lura cewa shekarun da ta yi shiru a cikin ayari ba su motsa kowa ba.

Abin da na fi ba wa muhimmanci cikin nasarorinta shi ne sauya waɗanda suke zama a kujerun kallo. A duk daren da sunanta yake kan takarda, iyaye baƙaƙe sukan zo da 'ya'yansu mata zauren da a da suke ganin ba nasu ba ne. Ta taimaka wajen kafa wani shiri na ABT a 2013 domin nemo yara masu baiwa a unguwannin marasa galihu. A ƙarshen 2019 ta fito fili ta soki gidan rawar Bolshoi na Mosko kan shafa wa yara farare baƙin fenti su fito a matsayin baƙaƙe, shugaban gidan ya ce ba za su daina ba, amma maganar ta zagaya duniya. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan wasa, ta haɗa 'yan rawa 32 daga ƙasashe 14 suka yi rawa ɗaya kowa daga gidansa domin tara wa abokan sana'a tallafi. A 2022 ta kafa gidauniyarta, wadda take koyar da yara bayan an tashi daga makaranta, a irin cibiyoyin da ita ma ta fara. Idan kina neman inda wannan ya taɓo mu, ki tuna da Anthony Madu, yaron nan na Legas da aka ɗauka yana rawa ba takalmi cikin ruwan sama a 2020, ɗalibin malamin rawa Daniel Ajala, wanda daga baya ya samu gurbi a makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Ki tuna kuma da Michaela DePrince, marainiyar yaƙin Saliyo da ta yi suna a Holan da Boston, ta rasu a 2024 tana da shekara 29. Ba Misty ce ta yi su ba, kowa da guminsa, amma sun fito a lokacin da duniya ta riga ta fara sabawa da ganin baƙar fata a wannan fage.

Na san akwai abin da ba ki tambaya ba amma za a tambaye ki a gida idan aka ga abin da kike karantawa. Suturar wannan rawa da yadda namiji yake riƙe mace yana ɗaga ta ba su dace da tarbiyyarmu da addininmu ba, kuma ban kawo miki wannan bayani don in ce ki ɗaura takalmin ba. Amma ɗalibar al'adu aikinta ne ta san yadda wasu al'ummu suka ɗauki wasan fadarsu suka rubuta ƙa'idojinsa, suka ba kowane taku suna, suka gina masa makarantu da albashi da likitoci, har ya rayu fiye da shekaru 400. Mu ma muna da 'yan tauri da 'yan dambe da masu rawar kalangu da mahayan da suke sa doki ya taka daidai da kiɗa a ƙofar soro, kuma da yawa daga cikin abin da suka sani yana tafiya da su kabari. Wannan kwatanci zai iya zama babi guda a aikinki.

Game da ƙarshen aikinta, ta daina fitowa tun daga farkon 2020, lokacin annoba da raunukan da suka taru mata, ta haihu a 2022, ta yi fiye da shekaru biyar ba ta hau dandamalin ABT ba. Sai ta koma horo domin dare ɗaya, ranar 22 ga Oktoban 2025, a cibiyar wasanni ta Lincoln Center da ke New York, tana da shekara 43, bayan shekaru 25 a ƙungiyar. Cikin abin da ta yi a daren akwai wani yanki na Juliet tare da Calvin Royal III, baƙin namiji da aka naɗa tauraro a 2020. Idan za ki rubuta sakamakon gwagwarmayarta, ki haɗa da wannan ma: shekaru goma bayan naɗinta, a daren da ta yi bankwana, babu wata baƙar mace a matakin ƙoli na ABT da ta miƙa wa wurin.